Maƙabartar Zangon Albasa

Yelwa tana da shekara goma sha tara mijinta Gwadabe ya ɗauke ta daga Wudil zuwa kudu, can ƙarshen ƙasa inda mota take ajiye mutum ya hau kwale-kwale. Fataucin albasa yake yi. Garin da suka zauna yana kan wani siririn tudun yashi, teku ta gabansa, rafuka da laka ta bayansa. Hausawan wurin ba su fi gida ashirin ba, su suka raɗa wa unguwarsu Zangon Albasa. A nan ta haifi 'ya'ya uku. Biyun farko sun koma tun suna goye, na ukun ya tsaya, aka sa masa Abdulbaƙi. A nan ta koyi bandar kifi wurin matan garin, ta iya yarensu har tana ciniki da faɗa da shi. A nan kuma Gwadabe ya rasu, shekara talatin da ɗaya bayan zuwansu.

Da ta fita takaba, yayanta Halliru ya aiko cewa zaman ya isa haka, ta dawo gida. Abdulbaƙi ya rako ta har inda ake hawa mota, ya juya ya koma wajen jirginsa na kamun kifi. Shi a can aka haife shi, a can ya yi aure, bai san wata sana'a ba sai ta ruwa.

Halliru ya ba ta ɗaki a gidansa na Sabon Gari, kusa da rijiya. Iyayensu sun daɗe da rasuwa. Ƙawayenta na 'yanmatanci wasu sun mutu, wasu aure ya kai su Gaya da Garko, waɗanda suka rage kuwa sai an yi ta kwatance kafin su gane ta. Bazarar farko da ta yi, haɓo ya dinga zubo mata, dugaduganta suka tsage, ta riƙa jiƙa zane tana lulluɓa da rana tsaka. Ta manta cewa akwai zafin da ba ya zuwa da gumi.

Da farko matan gidan sukan zagaye ta su ce ta ba su labarin kudu. Takan faɗa musu cewa a can damina wata tara ce, tana ɗan ɗagawa a tsakiya kamar mai shan iska, sannan ta dawo. An taɓa yin ruwa kwana tara ba a ga rana ba. Takalmi in ka ajiye shi mako guda sai ya yi fumfuna, gishiri ya narke a kwano, kwanon rufi kuwa shekara uku tsatsa ta cinye shi. Ta ce akwai itatuwa da suke tsaye cikin ruwa a kan dogayen saiwoyi, kamar mata sun ɗage zane za su haye rafi. Duk wannan sun saurara. Ranar da ta ce teku yana janyewa ya bar fili, ya kuma dawo, sau biyu kowace rana, sai Uwa matar Halliru ta tafa hannu.

"Kai, Yelwa! Ruwan ne yake tafiya ya dawo, sai ka ce mai zuwa kasuwa?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ba da mugun nufi Uwa ta faɗa ba, amma daga ranar yaran unguwa suka fara kiranta Yelwar Teku, ita kuma ta daina ba da labari.

Sai ta koma ga abin da hannunta ya sani. Da safe takan gangara ƙarƙashin gada ta sayi tarwaɗa da karfasa wurin masunta, ta bandace su a bayan gida, da la'asar ta kai wata 'yar rumfa kusa da ƙofar jami'a. Shekara shida tana haka. Masu saye sukan yaba kifin, su biya, su wuce. Abdulbaƙi yakan kira ranar Juma'a in akwai sabis, su gaisa, ya ce kowa lafiya, ta sa masa albarka.

Wata la'asar cikin watan Afrilu, wata mata mai farin gilashi ta tsayar da motarta ta sauko. Tana zaɓen kifi tana waya, har ta tambayi wanda take magana da shi yau nawa ga wata.

"Sha huɗu," in ji Yelwa, ba tare da ta ɗago ba. Sai kuma ta ƙara a hankali, don kanta, "Yau ruwa ya cika maƙil a can."

Matar ta sauke wayar daga kunnenta. "Inna, wane ruwa?"

Yelwa ta ji kunya. Ta ce a'a, ba komai, wani wuri ne da ta taɓa zama. Amma matar ba ta tafi ba. Ta jawo bencin da ake ɗora faranti ta zauna, ta sake gaisuwa tun daga farko, ina wuni, ina gajiya, ya zafi, ya kasuwa. Ta ce sunanta Ikilima, 'yar Gusau ce, tana koyar da labarin ƙasa a jami'ar nan. Shekara huɗu ke nan tana koya wa ɗalibai yanayin ƙasashen bakin teku, da cikar ruwa da janyewarsa, amma ita ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin teku da idonta ba.

"Daga littafi nake karantowa in juye musu," ta ce, tana dariya. "Don Allah Inna, da gaske ne ana jin ƙararsa tun daga nesa?"

Yelwa ta dube ta sosai, ta ga ba ba'a take yi ba.

"Malama, ai ba a jin sa," ta ce. "Sai ranar da kika bar garin, sannan za ki san ashe duk shekarun nan kina jin sa."

Daga nan Malama Ikilima ta riƙa zuwa duk Talata da Alhamis bayan ta fito daga aji, da ɗan littafinta. Yelwa ta buɗe baki kamar an fasa tulu. Ta faɗa mata yadda ruwa yake yin babbar cika idan wata ya tsaya da kuma idan ya yi sha huɗu, har ya shigo ƙarƙashin ɗakunan da aka ɗora a kan turaku. Ta faɗa mata iskar da take tasowa daga teku da hantsi, da wadda take komawa da asuba, wadda masunta suke bi su fita. Ta ce rijiyar can kamu biyu ce ka tadda ruwa, amma da rani sai ya yi zartsi, dole a tara na sama a randa. Ta ce kabari ma ba a zurfafa shi, sai dai a tara yashi a sama, shi ya sa Hausawa suka roƙi tudun da ya fi ko'ina tsayi aka ba su, wajen wasu kwakwa uku. Daga inda take banda a bayan gidanta tana hango kwakwar nan. Malama tana rubutawa, wani lokaci ta ajiye biro ta ce, "Wallahi haka yake a littafi, amma ba su faɗe shi da daɗi haka ba."

Yelwa ta fara ɗaura sabon zane ranar Talata da Alhamis. Takan ware kifi mafi kyau ta ɓoye a ƙarƙashin faranti. Uwa ta lura, ta ce ko bazawari aka samu, Yelwa ta yi murmushi kawai.

Bayan kamar wata guda, Malama ta ce, "Inna, gobe zan zo in ɗauke ki ki ga garinku. Akwai hotunan da ake ɗauka daga sama, ana ganin kowane gida."

Yelwa ba ta taɓa shiga jami'ar ba, duk shekarun da ta yi a ƙofarta. Ofishin yana hawa na biyu, ga fanka tana juyawa, ga takardu har ƙasa. Malama ta ba ta kujera, ta juyo da kwamfuta wajenta. Sun daɗe suna nema, don sunan da Hausawa suke kiran garin ba shi ne a taswira ba. Sai da Yelwa ta lissafo rafukan da ake wucewa ɗaya bayan ɗaya, sannan Malama ta gano wurin.

"Wannan hoton shekara goma sha biyar da suka wuce ne," in ji ta.

Da farko Yelwa ba ta ga komai ba sai kore da shuɗi da wani farin zare a tsakani. Da aka matso da hoton, sai ga rufin masallacin zango, mai kwano ja. Ta sa yatsa a jikin gilashin. Ga layin da ake bi zuwa mashaya. Ga gidan mai unguwa. Ga nasu, na uku daga masallaci, har da 'yar rumfar banda a baya. Can gaba, kusa da farin yashi, ga wani fili da ɗigo uku masu duhu. Ta tsaya tana kallon filin.

"Ikon Allah," ta ce. "Lokacin nan ina ciki. Wataƙila ma ina ƙarƙashin rumfar nan."

"To bari ki ga na bara," in ji Malama, ta danna.

Hoton ya sauya. Farin zaren ya matso ciki. Masallacin yana nan, amma yanzu shi ne a bakin ruwa. Gidajen da ke gabansa babu su. Filin nan babu shi, ɗigo ukun babu su, shuɗi ne kawai shimfiɗe a wurin.

"Kin gani ko, Inna? Wannan shi ne abin da nake ta faɗa wa ɗalibai. Teku yana cin gaɓa, kowace shekara yana ƙara shigowa. Dubi nan, ya ci ya fi tsawon filin ƙwallo biyu. Da za ki yarda ki zo aji ki..."

Sai ta juyo ta ga fuskar Yelwa.

"Malama, mayar da na farkon."

Ta mayar. Yelwa ta ɗora yatsa a kan filin.

"Nan ne tudun da na gaya miki. Malam, mijina, yana nan. Da yarana biyu."

Malama Ikilima ta dafe baki. Ta shiga salati, ta shiga ba da haƙuri, ta ce wallahi ba ta haɗa ba, da ta sani da ba ta nuna ba. Yelwa ta ce babu komai, ai ba ita ta aiko ruwan ba. Ta miƙe ta gyara mayafinta. Malama ta ɗauko makullin mota, Yelwa ta ce ta bar shi, tana so ta taka.

Ta tako tun daga jami'a har Sabon Gari cikin rana. Ba ta biya rumfa ba. Da ta shiga ɗaki ta sha ruwa, ta zauna a bakin gado, ta kira Abdulbaƙi. Ranar Laraba ce, ba ranar wayarsu ba, don haka yana ɗauka ya ce, "Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Ya iyalin? Ya ruwa?"

"Alhamdulillahi."

"Abdulbaƙi, yaushe rabonka da ziyarar mahaifinka?"

Tana jin iska tana kaɗawa a wayar, da wani yana kiran wani da yaren garin.

"Wa ya gaya miki?" ya ce.

"Da idona na gani."

Sai ya faɗa mata. Shekara biyu ke nan, cikin watan Yuli. An yi kwana uku teku yana hauka, ga ruwan sama, ga babbar cika. Da safiyar rana ta biyu suka ga gefen tudun ya fara zaftarewa. Duk mazan zango suka fita da shebur, har da mutanen gari waɗanda ba musulmi ba, suka taya su. Amma ana haƙa ruwa yana cikawa. Mutum goma sha ɗaya suka iya ɗaukewa, suka kai bayan makaranta. Na Baba yana can gefe ta wajen teku, shi ne ma cikin na farkon tafiya. Na yaran kuwa an daɗe ba a san daidai inda suke ba.

"Na shiga ruwan har ƙirji, Inna. Wallahi na shiga. Sai da aka riƙe ni."

"Na sani," ta ce.

"Kullum Juma'a in na kira ki sai in ce yau zan faɗa. Sai in ji muryarki in kasa."

Ta so ta yi masa faɗa, ta rasa ta inda za ta fara. Shekara biyu tana idar da salla tana hango kwakwa uku a ranta tana yi musu addu'a, ashe wurin kifi ne yake wucewa. Ta tambaye shi gidansu fa. Ya ce yana nan, amma ya ɗaga shi a kan sababbin turaku, kuma in aka yi shekara biyar nan gaba sai dai a matsa ciki.

"To ka taho gida mana."

"Inna, in zo in yi me? Ni ko fartanya ban iya riƙewa ba."

Ta sa masa albarka, ta kashe wayar.

Da Halliru ya dawo daga gonarsa ta Kausani, ta same shi a zaure yana cire takalmi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa. Ya yi salati, ya jinjina kai.

"To, Yelwa, sai haƙuri. Ƙasa ta Allah ce, ruwa ma nasa ne. Ranar tashi babu wanda zai ɓace masa, ko a cikin kifi yake. Addu'a kuma ba ta ɓatan hanya."

"Haka ne, Yaya."

Gaskiya ya faɗa, ta kuma san gaskiya ce. Ta ɗan jira ko zai tambaye ta wani abu, ko sunan yaran ne, don bai taɓa ganinsu ba. Sai ya jawo rediyonsa, ya ce a miƙo masa ruwan alwala.

Uwa ce ta biyo ta ɗaki. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza hannu, can ta shigo ta zauna a tabarma. Ba ta iya irin wannan magana ba, don haka ta ce, "Akwai shinkafar tuwo a buhu. Mu jiƙa gobe, jibi Juma'a mu yi waina a kai masallaci."

Haka aka yi. Suka soya waina tun hantsi, hayaƙi ya cika tsakar gida. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna tambayar wa ya rasu. Yelwa takan ce, "Sun daɗe." Sai a ce Allah ya jiƙansu, a karɓi waina a fita. Da aka gama, Uwa tana kankare tanda ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Su waye sunansu, yaran?"

"Haruna da Nafisa."

"Allah ya sa masu ceto ne."

Malama Ikilima ta zo gida ranar Asabar, da lemo da sabulu, da wata takarda a cikin ambulan. Hoton farkon ne ta buga mai kala. Yelwa ta karɓa ta gode, ta duba, ta mayar cikin ambulan ɗin ta sa a ƙarƙashin akwati. Daga sama aka ɗauke shi, ba ya nuna ƙofar kowa. Malama ta ci gaba da zuwa rumfa, amma ta daina fito da littafinta, in hira ta nufi teku sai ta karkatar da ita. Yelwa ta so ta ce mata ta ci gaba da tambaya, ai ita tambayar take so, amma ba ta san yadda za ta faɗa ba. Da damina ta tsaya, Malama ta samu tafiya ƙarin karatu na shekara uku. Ta zo sallama, ta ce inda za ta akwai teku, za ta kira ta faɗa mata yadda ta gan shi. Ta kira sau ɗaya, layin bai yi kyau ba.

Abdulbaƙi ya zo da Babbar Salla, karo na biyu ke nan a rayuwarsa da ya taka Wudil. Ya yi baƙi, ya yi faɗi, Hausarsa tana karkacewa har yaran gidan suna ƙunshe dariya. Ya kawo mata busasshen jatan lande da man ja a jarka. Halliru ya zaga da shi dangi, ko'ina aka ce masa ya kamata ya dawo gida, shi kuma ya ce in sha Allahu. Da la'asar yakan zo ya zauna a ƙofar ɗakinta, ita tana gyaran kifi, shi yana taya ta tsire su a tsinke yadda ake yi a can. Ba su tayar da maganar tudun ba. In sun gaji da Hausa sai su koma yaren garin, su yi ta hirar mutane, wa ya mutu, wa ya sayi sabon injin jirgi, wace ce ta aurar da 'ya. Uwa takan wuce ta dube su, ta girgiza kai tana murmushi.

Kwanansa huɗu. A rana ta biyar ta raka shi tasha da safe. Kafin ya shiga mota ta ce, "In na mutu, a nan za a sa ni. Kada ka wahalar da kanka da sauri, ko ka zo ba za ka tadda ni ba. Ka yi addu'a daga inda kake."

"Inna, ki daina irin wannan magana."

"Na dai gaya maka."

Motar ta cika, ta tashi, ta hau titi. Yelwa ta tsaya har ta daina hango ta. Sannan ta gangara ƙarƙashin gada. Masunta sun riga sun fito, an zaɓe manyan, sai ƙananan karfasa suka rage a kwarya. Ta tsuguna ta fara zaɓa.